Kunne Biyu da Hular Baba

A Ngawundare marka ba ta zuwa da wasa.
Sanyi ne mai jiƙa, ya bi bango, ya sauka cikin ƙashi.
Baba Tanimu ya yi shekara talatin
yana ƙwanƙwasa ƙafafun jirgin ƙasa da guduma,
yana gane tsaga daga amo.
Yanzu nasa ƙafafun ne ba sa amsawa sai hantsi.

Ni mai gyaran firiji ce a Sabongari.
Na san injin sanyi ba ya haifar sanyi,
zafi yake kwasa nan ya zubar can,
kamar mai kwalfe ruwa daga kwalekwale.
Sai na juya masa fuska.
Tsohuwar na'ura ce, wani otal ya jefar,
na ce mata: daga yau kala za ki yi,
ki tsinto ɗumin da ya rage a iskar tsakar gida,
ki zuba wa ruwa,
ruwan ya bi bututu ƙarƙashin daɓen ɗakin Baba.

Mako uku ni ce agogo, ni ce hannu.
Ƙarfe biyun dare in fito da zane a ka, in murɗa.
Na ƙara, ya yi gumi.
Na rage, ya yi tari.
Daɓe kuma dattijo ne,
ka yi masa magana yanzu, ya amsa bayan awa uku.

Sai na yi mata kunne biyu.
Ɗaya a inuwar indararo, yana sauraron gari,
ɗaya a bango kusa da gado, yana sauraron ɗaki.
Na rubuta mata ƙa'ida:
in waje ya sauka taki ɗaya, ruwa ya hau taki ɗaya da rabi,
in ɗaki ya ƙoshi, ki sassauta,
in hasashen gobe ya ce hadari, ki fara tun magariba.
Kada ki tafasa. Ba tuwo muke yi ba.

Na yi barci. Wayyo, na yi barci!
Dare biyar ban san sa'adda ruwa ya ɗauke ba.
Da safe in duba waya,
layin zafin ɗaki a miƙe kamar dogo ya nufi Belabo.

Dare na shida layin ya yi tsalle.
Waya ta yi kuka, na fito ba takalmi.
Kunnen bango na cewa ɗaki ya yi zafi,
daɓe kuwa ƙanƙara.
Na haska: hular Baba ce rataye a kai,
butar shayinsa a ƙarƙashi tana huci.
Ya ce ƙaramar fitilar nan koriya tana ƙifta masa ido,
shi ba ya barci ana kallonsa.
Na liƙe fitilar da baƙin tef.

Dare na takwas, hula ta koma.
Na tara ma.

Na warware waya, na sauya batir,
na zargi ɗanshi, na zargi ƙadangare,
na zargi Ɗanjuma da ya sayar mini da kayan.
Ƙanwata Ladidi tana tankaɗe, ba ta ɗago ba, ta ce:
ke mai jin ciwon injin daga bakin ƙofa,
wa ke shiga ɗakin nan ƙarfe biyu tun da kika yi wa bango kunne?

Ban taɓa ƙa'idar ba. Daidai take.
Na'ura na karanta gari, tana karanta ɗaki,
ruwa na tafe a hankali, ba ya ƙuna, ba ya sanyi.
Ni dai nakan tashi ƙarfe biyu,
ba abin murɗawa a hannuna.
In zauna a daɓe mai ɗumi,
ya ce gwiwarsa ta ce gobe da ruwa,
in ce waya ta ce babu,
mu sa goro ɗaya a kai.

Bashin goro bakwai yake bina.
Hular tana kansa.