Ba Tafinta

A Alaba na tsince su,
ƙarƙashin tulin rediyoyin da suka daɗe da yin shiru:
lasifika biyu, takardarsu ta rine kamar ruwan shayi.
Na ɗora mita. Allura ta tafi, ta tafi,
sai da ta kai om ɗari takwas ta tsaya.
Chidubem mai shago ya ce ba mai tayawa,
in ba shi kuɗin danfo in kwashe tsiyata.

Lasifikar yanzu om takwas ce.
Ita kuwa kwalbar bawul jinin sarauta gare ta,
murya a sama, hannu a ƙanƙame,
ba ta yi wa om takwas magana baki da baki.
Sai an kawo taransifoma,
dunƙulen ƙarfe mai rawanin tagulla,
ya karɓa nan, ya miƙa can,
ya yanki la'adarsa kamar kowane dillali:
siririn sama ya ɓace,
kaurin ƙasa ya dushe.

Na san halin tafinta.
Shekarata ta fari a Ikko,
duk abin da zan gaya wa maigidana, Baba Akanni,
sai ya bi ta bakin wani
ya isa da rabinsa.

To ga ɗari takwas a hannuna.
Wannan, kwalba za ta iya gaishe ta da kanta.

A ɗakina na Agege, bayan isha'i,
na zana a bayan kwalin sabulu:
kwalba biyu, ɗaya bisa kafaɗar ɗaya,
ta sama na turawa, ta ƙasa na ja,
kamar mutum biyu da zarto guda.
Bolt ɗari uku daga ka zuwa ƙafa,
rabi ya zauna a tsakiya, nan sauti zai fita.
A bakin ƙofa kafasita, maigadi marar barci,
ya tare wutar da ke tsaye,
ya bar mai kaɗawa ta wuce.
In ya yi gyangyaɗi sau ɗaya,
zaren lasifikar da ya fi gashi siranta
ya zama hayaƙi, kuma ba a sayar da irinsa.

Hannu ɗaya a aljihu, in ji Baba Akanni.
Da Yarbanci ya faɗa,
da na ji shi ba tafinta.

Daren farko na kunna.
Kwalabe suka yi ja kamar garwashin mai masara,
sai gurnani, mmmm,
ƙanin janareton maƙwabci.
Mako uku ina farautarsa.
Na sauya razista, na zargi danshi,
na kankare tsatsar da iskar teku ta shafa,
Mama Ronke daga ƙasa tana tambayar me ke ƙonewa.
Dalma ce, Mama.
Ashe wayoyin ɗumama kwalba na bari a sake,
kowace tana tafiyarta.
Na tufke su tamau.
Na kunna. Aka ɗauke wuta.

Ƙarfe biyun dare ta dawo.
Na kara kunne a takardar.
Shiru, irin wanda Ikko ba ta san da shi ba.

Akwai wani kaset a ƙasan akwatina,
saƙon da mahaifina ya aiko ta hannun direban shanu
shekara biyu kafin ya kwanta dama.
Na ji shi ya fi sau ɗari.
Na san inda zai yi tari,
inda zai ce taki ya yi tsada,
inda zai ce kada in manta da asuba.

Wat huɗu kacal.
Amma a daren nan, tsakanin tarin da takin,
na ji tabarma ta yi ƙara da ya gyara zama,
na ji ya haɗiye yawu,
na ji ya ja numfashi zai faɗi wani abu,
ya fasa.

Na mayar da kaset baya.
Ya sake ja, ya sake fasawa.

Ruwa ya sauko a kan kwano.
Na matso da tafina kusa da kwalba,
ba don sanyi ba.