Masu 'Yar Shara

Ni Mato, ɗan kabu-kabu,
tashata gindin dutsen Birni.
Na goya mai jego, na goya rago,
na goya mataccen firji har Sabon Gari,
amma mai farautar ƙwaro
sai ranar da Cima ta ɗaga mini hannu,
tsakar damina, jakarta na kukan kwalabe.

"Mirriya," ta ce. "Jikka biyu, kuma ka jira."

A lambun wani tsoho ta durƙusa,
ta ɗaga ruɓaɓɓen ɓawon rake.
Ga shi nan, siriri kamar tsinken sakace,
ya ɗage gindi irin na kunama,
ba ƙari, burga ce kawai.
"Dubi bayansa. Rigar ba ta kai ƙugu ba.
Buzuzu babbar riga ya zuba har ƙasa,
wannan 'yar shara aka yanka masa,
fiffiken na ciki a ninke
kamar kuɗin tsohuwa a bakin zane.
Da haka ake gane gidansu."

Gidan kuwa ba ƙarami ba.
Ta ce an rubuta iri fiye da dubu sittin,
masu ƙirga sun tsufa, ƙirga ba ta ƙare ba.
Gida ya rabu ɗaki-ɗaki,
kowane ɗaki da 'ya'ya da jikoki.
Mu da tsagar fuska kakanni ke gane bare,
su sai an ƙidaya gaɓoɓin ƙafa,
a duba inda gashin kai ya tsiro,
a leƙa muƙamuƙi ta cikin madubi.

Wata uku muna tafe.
A Gidimuni, bakin tafki,
akwai mai gina rami a laka mai kanwa,
ka matsa taku goma cikin tudu, babu shi.
A turken shanun Matamaye
wani baƙi ya tare cikin kashi, yana cin tsutsa.
Wani ko a suri yake haya,
gara na ɗaukarsa ɗan uwa.
Magarya ta cika mana kwalba tara.
Tanut, kwana biyu, mai ya ƙone a banza,
guda huɗu muka samo ƙarƙashin randar masallaci,
inda ruwan alwala ke ɗiga.
Ta ɗiga musu jan tawada a taswira:
kudu kamar an watsa barkono,
arewa fari fat.

Wani dare a Matamaye, ƙarƙashin fitilar mai shayi,
ja da baƙi ya sauka a wuyana.
Na kai masa mari.
Kwana biyu, wuya ya tashi kamar an ɗora wuƙar maƙera.
Cima ta yi dariya har da tari:
"Duk gidan nan, 'yan ɗakinsu ne masu wuta a jini.
Hura shi ake yi, Mato, ba a murje shi."
Tabon na nan. Matata har yau ba ta yarda ƙwaro ne ba.

Ana gobe za ta gama, babur ya ƙi tashi.
Na ɗaga dutsen da nake zama a kai shekara bakwai
in tokare taya,
sai ga wani, launin ƙasa, ƙarami kamar ƙwayar riɗi.
Na hura shi cikin murfin kwalba.

Ta juya littafi gaba, ta juya baya,
ta kira malaminta a waya, ta yi shiru.
Sannan ta yanki 'yar takarda:
Damagaram, Birni, ƙarƙashin dutse, watan tara.
Wanda ya kama: Mato.
Layin suna ta bar shi fili.

Kakana ma haka ya shigo garin nan,
shekarar yunwa, ba tsaga a fuska,
ba wanda ya san ɗakinsu.
Na mayar da dutsen a hankali.
Fasinja na kira, na ce ya dakata.