Igiya a Hannuna, Gethin a Sama

A Dolgellau ruwa ba ya sallama.
Tun asuba yake tsiyaya a rufin coci,
rufin fallayen dutse sirara kamar faranti,
ga bishiyar da ta girmi kabarin faston farko
ta miƙa ruɓaɓɓen hannu daidai kansa.

Gethin na sama, ƙanena, rataye kamar jemage,
zarton inji na lilo a ƙugunsa.
Ni ce a ƙasa. Nawa aikin igiya ne.

Na yi wa kututture ɗamara,
na karyo bakin igiya, na murɗa shi a jikinta sau biyar.
Baba Idwal kan ce murɗi uku na rago ne,
shi da ke ƙirga da yatsu takwas,
biyun igiya ta cinye wata Talata.
Ɗaurin nan lakwas yake in ba a ja shi ba,
nauyi ke koya masa cizo.

Can sama ya jefa wa reshe zarge a wuya,
idon ƙulli ya bi igiya ya shaƙe.
Na ɗaga kai, ruwa ya cika min ido:
"Ɓawon ya jiƙe! Ƙara rabin ɗauri
kusa da bakin yanka, kada ya suɓuce!"
Ya ja tsaki. Duk da iska na ji shi.
Amma ya ƙara.

Naɗi biyu na yi a ƙarfen birki.
Uku, igiya ta ƙame, gungume ya tsaya cak,
bishiya ta zabura ta yar min da ƙane.
Ɗaya kuwa, ni ce zan tashi sama.

Zarto ya yi kuka. Ƙas!
Na sassauta, na bar ta ta gudu,
safar hannuna ta ɗau zafi har da ƙauri,
sannan na matse, sannu, sannu.
Gungumen ya yi lilo,
ya leƙa tagar nan mai gilashi ja da shuɗi,
ya fasa shiga,
ya kwanta a ciyawa tsakanin kabari biyu.

Tumakin gidan Pugh ko kai ba su ɗaga ba.

Na durƙusa na danna ƙeyar ƙullin da babban yatsa.
Shi da ya ɗauki nauyin saniya yanzun nan
ya buɗe baki ba gardama.
Abin da ya sa nake son sa ke nan.

Na girgiza igiya, Gethin ya janye ta sama.
Saura yanka goma sha ɗaya,
shayi kuma ya riga ya huce a mota.