Fil Uku

Ruwa ya tsagaita da asuba a bayan garin Epe,
ƙasa ta yi luɓus kamar tuwon da ya kwana a rufe.
Na ja tarakta da baya, kaɗan-kaɗan,
Wasiu na yi mini hannu: zo, zo, tsaya.
Garma na kwance cikin ciyawa inda muka yar da ita jiya.

Hannun hagu ake fara ɗaurawa, yaro,
shi ne mai taurin kai, ba ya rusuna wa kowa.
Na dama yana da zare: murɗa ya sauko,
murɗa ya hau, har rami ya dubi rami.
Kada ka laluba da yatsa.
Malam Barau na Bakori, wanda ya koya mini,
da yatsu tara yake ƙirga tasbihi har gobe.

Na ukun yana sama, shi kaɗai.
Tukunya ba ta zama kan dutse biyu,
haka inna ke cewa in tana gyara murhu.
Ban san har da ƙarfe take ba
sai da na zo Legas.

Gajarta shi, garma ta kafa baki,
ta ci ƙasa kamar mai buɗe-baki.
Tsawaita shi, ta zauna bisa dunduniya
tana shafar gona kamar mai jin kunyar suruka.
Tsakanin nan da can juyi biyu ne, ko uku,
ba a rubuce yake ba,
kunne ke ji a kukan inji,
ƙugu ke ji a kan kujera.

Layin farko ƙarya ne.
Sai tayar dama ta faɗa kwarin da garma ta buɗe,
tarakta ta karkace kamar jaki da mangala ɗaya,
sannan ka sauka, ka tsuguna a baya,
ka rufe ido guda, ka duba.
Ɗage hannun dama. Ƙara. Ya isa.

Alhaja Sikiratu ta iso da lema,
tana ƙirga awowi da Yarabanci,
ni ina ƙirga man dizal da Hausa,
muka haɗu a tsakiya, wajen rogo.
Kafin azahar take son haro,
kafin la'asar take son kunyoyi.

To, kwance wannan, jawo waccan.
Garma na son sarƙa sako-sako, ta ɗan yi rangaji,
rija kuwa ɗaure ta tamau,
in ba haka ba kunya ta fito kamar sawun maciji
masu wucewa a kan babur su yi ta nuni.
Haro ɗin Alhaja tsoho ne, raminsa ya yi wa fil ɗinmu yawa,
Wasiu ya yanko guntun bututu ya cusa,
makullin ya ɓace a laka, muka lanƙwasa ƙusa.
Da haka ake noma a nan,
ba abin da ya zo daidai da ɗan'uwansa.

A gida ƙasa ja ce, sai an roƙe ta.
Ta nan baƙa ce, ruwa na kwance a ƙarƙashinta,
ka ƙara zurfin taki guda, ta haɗiye taya.
Shekara shida ina koyon sassautawa.

Magariba ta yi, sauro ya taso daga bakin ruwa.
Na sauke rija har ƙasa kafin in kashe inji,
ba a barin nauyi a rataye ya kwana,
mai yana tsiyaya, ƙarfe yana gajiya.

Waya ta yi ƙara. Ladidi ce:
Baba, an yi shuka, yaushe za ka zo?
Na ce, sai na ga yadda wata ya kama.
Hannuna duk giris, na sa a aljihu,
na taɓa makullin fil ɗin nan
da muka yini muna nema.