Safar Hannun Saimi

Ranar Alhamis ba ma shiga aji.
Muna bin hanyar bayan tafkin Kallavesi,
ni da yara goma sha bakwai,
kowa a ƙunshe cikin riguna uku kamar dami,
numfashinmu yana tafe fari a gabanmu.

Rana a nan marowaciya ce a Janairu:
ta leƙo da hantsi, kafin la'asar ta kwashe kayanta.
Don haka ba na ɓata ta da dogon bayani.
Na ce, "Ku dubi ƙasa. An yi rubutu da dare."

Touko, wanda baƙi ke yi wa gardama a takarda,
wanda in na kira sunansa sai ya sunkuyar da kai,
shi ya durƙusa kan dusar ƙanƙara
ya karanta mana shafin duka:
"Zomo ne. Nan ya zauna, nan ya gaigayi ɓawo.
Nan ya ji motsi, dubi yadda tsallen ya buɗe.
Nan kuma..."
Gurbin fikafikai biyu, ɗigon ja uku,
daga nan sawu ya ƙare.
"Mujiya," in ji shi, can ƙasan maƙoshi.
Ban ƙara masa ko wasali ba.

Mun ƙirga zobban wani tsohon kututture,
tamanin da ɗaya, ko da huɗu,
gardamar ba ta mutu ba har yau.
Eelis ya ce itacen ya girmi kakarsa,
ya cire hula ya gaishe shi, kunnuwansa suka yi ja.

Wajen hura wuta da farin ɓawo
Saimi ta yar da safar hannunta,
shuɗiya, saƙar mahaifiyarta.
Mun tona, mun tona, duhu ya kore mu.
Ta dawo da hannu ɗaya a aljihuna,
tana kuka, hawayen na daskarewa a gashin ido.

Sai Mayu.
Ƙanƙara ta saki ƙasa, daji ya yi warin jiƙa,
rana ta tuba, yanzu ta ƙi tafiya.
A ƙarƙashin saiwar itacen da iska ta kayar
Touko ya ɗaga hannu: kowa ya tsaya.
Ga shuɗin zare a saƙe da gansakuka,
babban yatsan safar ya leƙo waje,
a ciki ƙwai biyar, kowanne bai kai farce ba.

Saimi ta daɗe tana kallo.
Ta ja da baya a kan yatsun ƙafa, ta ce,
"Ai an riga an shiga. A bar musu."

Da yamma na buɗe littafin makaranta.
Akwai gurbin lissafi, akwai na karatu,
akwai na kayan da suka ɓata.
Na riƙe alƙalami har shayina ya huce
ban san inda zan rubuta wannan ba.