Ɗigon Ƙarshe

A ƙasan matakala, kusa da buhun dankali,
can Endel ya bar ta:
tsohuwar kwamfuta mai tari kamar akuya.
Ita ce gidan wayarmu,
mu masu kiwon zuma arba'in da ɗaya na gefen Viljandi.
Arba'in cif, tun watan jiya.
Suka ce ni ce ƙarama, idona da sauran ƙarfi,
suka miƙo min mabuɗi da littafinsa mai ƙamshin kaki.

Ranar Talata kamfanin layi ya sauya mana lamba.
Daga nan sai tsit.
Odar Riga ba ta iso ba,
Maarika ta bugo sau huɗu,
ƙanƙara ta rufe tagar har rabi.

Na zauna da bargo a kafaɗa ina gyaran rajistar sunaye.
Layin A: ga suna, ga lambar ƙofarsa.
Layin MX: in ka zo da wasiƙa, ga wanda za ka miƙa wa.
Sai wani dogon layi mai faɗin
wa aka yarda ya yi magana da yawunmu.
Na kira Tallinn, wani yaro Joosep, yana tauna wani abu,
ya ce ita ma lambar sai ta san sunanta,
in an tambaye ta ta baya ta amsa,
in ba haka ba manyan gidaje su ɗauke mu ɓarayi.
Ya gyara nasa.

Shiru dai.

Ƙarfe biyun dare na tambayi duniya, ina gidanmu?
Sai ta ba ni sunanmu haɗe da sunanmu,
wutsiya a kan wutsiya,
kamar mai in'ina.
Ashe sunan da ba a rufe da ɗigo ba,
na'ura gani take bai ƙare ba,
sai ta ƙarasa maka da abin da ta sani.

Shafi na tara, da fensir, an ja layi biyu:
«Ɗigo a ƙarshe. Kullum nakan manta.»
Na yi dariya har hancina ya toshe.

Na ɗiga.
Na ƙara ɗaya a lambar bugu, don maƙwabta su san an sake.
Saura jira.
Daƙiƙa dubu tamanin da shida da ɗari huɗu ya rubuta,
kwana guda cur kafin duniya ta manta tsohon zance.
Mai zuma ba ya gaggawa.

Washegari da magariba fitilar ta ƙifta.
Ba Riga ba ce.
Wata mata ce daga Sloveniya, Zdenka,
tana tambayar Endel
ko bana ma sarauniya uku zai saya, kamar kullum.

Akwatinsa na cikin jerin da zan goge.
Na ɗaga yatsa daga kan maɓallin.
Na rubuta mata: uku.
Ban sa ɗigo ba