Dira

Ƙarfe biyun dare a Idi-Araba,
janareton maƙwabci ya yi tari ya mutu,
sauro ya karɓi gadi.
Ni da wayata mai tsagaggen gilashi
muna kallon gasar da ake yi a wata ƙasa
inda rana ta riga ta fito,
inda ko allin da ake shafa wa hannu
yana da mai kula da shi.

Wata yarinya ta ɗaga hannu ga alƙalai,
ta sheƙo a guje, ta doki katakon tsalle,
ta tashi,
ta juya sau ɗaya, ta shiga na biyu,
sai data ta ƙare.

Nan ta tsaya, ba sama ba ƙasa,
gwiwa a ƙirji, gashi a iska,
wata 'yar da'ira tana ta zagaya cibiyarta.
Na jira har ladan ya kira assalatu.
Ba ta sauko ba.

Da safe na bi danfo zuwa Surulere.
Kwandasta na reto a ƙofa da hannu ɗaya,
na ce a raina, da wannan zai miƙe yatsun ƙafa
da na ba shi maki tara.

Ɗakin atisayenmu na yoyo a wuri uku,
kowane da bokitinsa.
Katifun da muke faɗawa a kai sun girmi yaran.
Sandunan lilo kuwa, Sallau mai walda ne ya haɗa mana su a Agege,
ya ƙi karɓar ko sisi,
ya ce a dai tuna da shi ranar da aka ɗauko kofi.

Yara bakwai yau.
Morenike ta zo ba karin kumallo, na gani a kafaɗunta.
Obiageli ta ɗaure idon sawu da tsohon kallabin uwarta.
Zinatu, 'yar mai albasa a Mil Sha Biyu,
tana tafiya kan katakon da faɗinsa bai fi tafin hannuna ba
kamar hanyar gidansu ce.
Daga can ta leƙo ni:
Koci, mene ne labarin duniya? Wa ya ci?

Na ce ban sani ba.
Na bar wata a sama jiya, ban ga dirarta ba.

Labarai zinare suke kawowa, da tuta, da hawaye.
Ba sa nuna hannun da ya tare baya sau dubu
kafin ya koyi janyewa.
Ni gwiwata ta hagu ita ce jaridata,
shekara ashirin da biyu tana buga labari ɗaya
duk lokacin da hadari ya taso daga teku:
tashi na kowa ne,
ƙasa ce ke yin hukunci.

Na ce, Zinatu, sauko mini da ita.
Kada ki nemi ƙasa da ido tun kina sama,
ki ƙirga, ki buɗe, za ta zo da kanta.

Ta tofa addu'a a tafi, ta murza alli,
ta sheƙo.
Hannuna ya tashi zai tare,
na riƙe shi da ɗayan.

Ɗaya.
Biyu.
Katifa ta yi nishi, ƙura ta tashi,
ƙafar dama ta zame taki guda
sannan ta tsaya, hannu sama,
tana haki tana kallon alƙalan da babu.
Ruwa ya ɗiga a bokiti, ɗis, ɗis.
Tafin da ta samu ke nan.

Da magariba na sayi data ta ɗari biyar
wajen yaron da ke bakin gada.
Da'irar ta daina zagayawa,
yarinyar can ta ƙarasa juyinta,
ta dira gaban dubban mutane da fitilu.

Ita ma sai da ta ƙara taki guda.